Kankanar ɓera: yadda muka ƙare da ita bayan damina ɗaya

Hoto ne ya ja ni. Tafin hannu cike da 'yan kankana, kowace ba ta wuce kan babban yatsa ba, da zane a jikinsu sak na kankanar da ake kasawa a bakin titi. Mai sayar da irin a intanet ya rubuta cucamelon, ya ƙara da cewa ƙaramar kankana ce mai daɗi. Na sayi fakiti ɗaya mai ƙwaya 20, a kan kuɗin da zai sayo min irin gurjin da zan yi shekaru ina shukawa.

Ba kankana ba ce, kuma wannan ne ƙorafina na farko a kan mai sayarwar. Sunanta na kimiyya Melothria scabra, asalinta Meksiko da Amurka ta Tsakiya, inda suke ce mata sandita, wato 'yar kankana, wasu kuma su ce kankanar ɓera. Dangin su gurji da kabewa da duma ce. Cikinta ba ja, ba zaƙi. Idan ka gatsa sai ka ji ƙaras, sannan ɗanɗanon kokwamba da aka ɗiga wa lemun tsami. Autana da ya yi wata biyu yana gadin shukar ya tauna ta farko, ya yamutsa fuska ya ce, "Umma, an cuce ki."

Na shuka a ƙarshen watan Mayu, a nan Zariya, cikin tsofaffin bokitai da na huda gindinsu, ƙasa haɗe da takin awaki. Ƙwayar ba ta fi riɗi girma ba. Kwana goma shiru. Na aika wa mutumin saƙo, ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Hajiya," daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Sai da aka kusa mako uku suka fara leƙowa, 11 cikin 20. Ashe haka halinta yake, tana da nawar tsirowa kuma sai ƙasa ta yi ɗumi. Da an rubuta wannan layi ɗaya a jikin fakitin, da ban zubar da bokiti biyu ba bisa zaton irin ya mutu.

Wata guda ta yi siririya kamar zare, har na fid da rai. Ruwan Yuli na kankama sai ta zabura. Ta kama igiyar da na ɗaura mata, ta wuce ta, ta bi danga kamar garafuni, har ta fi maigidan tsawo. Furenta rawaya ne ƙanana, namiji daban, mace daban, duk a jikin shuka ɗaya. Macen ana gane ta da ɗan ƙullutun da ke bayan furen, shi ne ke zama ɗa idan ƙudan zuma sun yi aikinsu.

A nan ta burge ni. Kokwambar da ke kusa da ita ƙwari sun sossoke 'ya'yanta, ganyenta ya yi fari kamar an barbaɗa toka, ita kuwa wannan ko a jikinta, ban fesa mata komai ba. Abin da ba ta ɗauka shi ne kwanciyar ruwa: a malkar Agusta hujin bokiti biyu ya toshe, gindinsu ya ruɓe cikin 'yan kwanaki.

Tsinka kuwa aiki ne na mai ido, don 'ya'yan ɓuya suke yi a ƙarƙashin ganye. Yara suka mai da shi gasa, kullum bayan la'asar. A tsinke ta tun tana kamar ƙaramin dabino kuma da taurinta. Idan ta daɗe ɓawon ya yi kauri, tsamin ya ƙaru. Wadda ta nuna sosai da kanta take faɗowa, irin waɗannan nake tsincewa na ajiye iri. Amma fa kada a sa rai da yawa. Cikin tafi nake samu bayan kwana biyu, ban taɓa cika kwanon sha ba. Gurji ɗaya mai kyau ya fi tsinkar mako guda cika ciki.

Inda ta fi dacewa shi ne kwaɗo. A raba ta biyu, a haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, ba sai an nemi lemun tsami ba. Da yajin ƙuli kaɗai ma tana tafiya. Na jefa ta cikin miya sau ɗaya, ta saki, ta zama ba komai ba. Ranar da na kai wa surukata, ta daɗe tana jujjuya ɗaya a hannu kafin ta ce, "'Yar nan, kin tabbata ana cin wannan? Irin su muke hana yara tsinka a jikin shinge." Sai da na ci uku a gabanta.

A oda ɗaya na sayi irin Physalis peruviana, mai 'ya'ya rawaya a cikin ɗan kwanso kamar takarda, asalinta tsaunukan ƙasar Peru. Da ta yi 'ya'ya dariya na yi, don babbar yayar matsarmama ce da muke nomewa a gona. Sai dai tana da zaƙi da ɗan tsami, yara sun fi son ta nesa ba kusa ba. Ita sai ta nuna kwanson ya bushe ake ci, ɗanyar ba a ci.

Wanda ke neman abin kai wa kasuwa ko na cika tukunya, ya riƙe kuɗinsa ya shuka gurji. Mai ɗan tsakar gida da yara masu son tone-tone, wannan zai more ta.

Hunturu na shigowa a Nuwamba shukar ta bushe. Ina juye bokitan sai ga saiwa masu kauri kamar ƙananan rogo. Ashe tana ajiye su a ƙasa, kuma daga jikinsu take sake tohowa. Na binne su cikin busasshen yashi a wata tsohuwar tukunya a bayan ɗakin girki, sai ruwan farko. Autan nan da ya ce an cuce ni, shi ne ya rubuta sunansa da gawayi a jikin tukunyar.