Sharhi kan sashen kula da masu jinyar ajali

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi fama da ciwon dajin hanta, wanda likitoci suka ce ya samo asali ne daga cutar hanta nau'in B da ta daɗe a jikinsa ba a sani ba. Da ta tabbata ciwon ya wuce a yi masa aiki, sai aka tura mu wani ƙaramin sashe a wani asibitin koyarwa, wanda aikinsa shi ne rage wa majinyaci raɗaɗi da kula da shi har cikar wa'adinsa. Iyalai da yawa ba su san da irin wannan sashe ba, shi ya sa da zarar an ce su koma gida sai su ɗauka asibiti ya yanke ƙauna.

Abin da ya fi amfanar mu shi ne ruwan maganin mofin, wani magani mai ƙarfi na kashe raɗaɗi. Mun ji tsoronsa saboda sunan da ya yi a bakin mutane, amma likitar ta zaunar da mu ta bayyana cewa da awo ake ba da shi, duk bayan awa 4, ba tare da an jira ciwon ya taso ba, kuma ana haɗa shi da maganin sassauta ciki domin mofin ɗin yana hana bayan gida. Baba, wanda a da ba ya runtsawa sai nishi, ya dawo yana taimama yana salla a kwance, ya lissafa mana basussukan da ke kansa, sannan ya aika aka kira ƙannensa ya nemi su yafe masa. Da raɗaɗin bai lafa ba, da ko ɗaya daga cikin waɗannan bai samu yi ba.

Ma'aikatan jinya sun koya mana juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, da jiƙa masa leɓe da auduga lokacin da haɗiya ta gagara, kuma sun roƙe mu mu daina tilasta masa kunu. Namiji ne kaɗai yake gyara shi, yana rufe da mayafi.

Ƙorafina shi ne maganin yakan yanke a kantin asibitin, kuma ba irin wanda ake samu a kowane kemis ba ne, don haka akwai daren da ciwon ya dawo muna kallo ba yadda za mu yi. Ziyarar da ma'aikatan sashen ke kawo mana gida ma ba ta da tsayayyen lokaci. Bayan rasuwar kuwa babu wani tanadi da aka yi wa mahaifiyarmu, wadda ita ce ta ɗauki nauyin jinyar, ta kuma shiga takaba a galabaice. Ya kamata sashen ya ware wanda zai riƙa tuntuɓar irinta ko da ta waya ce.