Mai aure, na ƙwallo ko na reshe? Duba wanga kafin ka sayi dashen lemu, mangwaro ko inabi a Sakkwato

Da zarar hadari ya fara haɗuwa wajen watan Yuni zaka ga masu dashe sun jera ledoji bakin titi, ganye kore shar, kuma duk wanda ka tambaya cikinsu amsa ɗaya ce, mai aure ne Alhaji (wato dashen da anka haɗa icce biyu sunka zama ɗaya), shekara biyu ka fara sha. Wanga zance ya taɓa cina wallahi, shi yasa nake so in yi bayani ga duk mai shirin kashe kuɗɗinshi bana, ko icce biyu ne zaka sa a tsakar gida ko garka guda zaka cika.

Shekara bakwai da sunka wuce na sayi lemun zaƙi guda 20 hannun wani mutum da na iske yana sauke kaya daga mota, ban san garkarshi ba ban karɓi lambarshi ba, na kai su 'yar garkata da ke wajen Wamakko na dasa. Rani da bazara ina ban ruwa, man inji kaɗai Allah ya san abin da ya ci. Shekara ta uku guda 6 sunka yi fure, sauran 14 kuwa sai miƙewa sama suke da ƙaya kamar basilla, har shekara ta biyar ko fure ɗaya babu. Na kira wani dattijo da ya daɗe yana aikin auren itatuwa, ya durƙusa ya share ƙasar gindin guda da hannu ya shafa ɓawon, ya ɗago ya ce min "ɗana wanga ba mai aure na ba, yanka shi anka yi anka ɗaura mai leda." Na ce Baba to mi za a yi, in sare su? Ya ce a'a, gindin ya riga ya kahu, bari in yi musu aure nan inda suke. Haka anka yi, ya datse rassan ya sa musu ido, wato ɗan gurbin da toho ke fitowa a jikin reshe, daga waɗanda ke haihuwa, amma shekara biyar ta riga ta tafi.

To shi auren nan icce biyu ne ake haɗawa su zama ɗaya. Na ƙasa, gindi, ana shuka shi daga ƙwallon wani iri mai jure wahala, na sama kuma ana ɗebo shi daga iccen da ya riga ya girma yana ba da ɗiya masu kyau, don haka da girman uwarshi yake zuwa, ba sai ya sake yin ƙuruciya ba. Lemu da ido ake mishi, a tsaga ɓawon gindin kamar harafin T a cusa ido ɗaya a naɗe da leda, bayan kamar sati uku in an kwance an ga idon na nan kore to ya kama, sai a datse kan gindin ƙarfi ya koma ga idon. Mangwaro kuma yawanci da ɗan reshe ake yi, a fere shi kamar bakin gatari a tsaga kan gindin a soka.

A lemun zaƙi da tanjarin ni dai bana ba kowa shawarar na ƙwallo ko kyauta za a bashi. Mai aure shekara uku zuwa huɗu ya fara, na ƙwallo kuwa sai ka kai shekara bakwai ko fi kana jira, ga ƙaya ga tsawo. Eh mai aure yafi tsada nesa, amma ka lissafa kuɗin ruwan shekara huɗun da ke tsakani, a garin da damina bata wuce wata huɗu ba sauran wata takwas kai ne ruwan sama. Lemun tsami na gida shi kam da sauƙi, na ƙwallonshi yana ɗauko uwarshi kuma baya daɗewa kamar na zaƙi, yana son zafi, kasuwarshi kuma bata mutuwa musamman da azumi, in kuɗinka kaɗan ne fara da shi. Sai dai babban lemun tsamin nan marar ƙwallo, shi dole mai aure ko wanda anka ɗaure reshenshi da ƙasa har ya yi saiwa, tunda ba ƙwallon da za a shuka.

Abin da mutane basu tambaya, kuma shi yafi komi muhimmanci a ƙasarmu, shine wane gindi anka yi auren a kanshi. Ɗaya daga cikin waɗanda sunka fi yawa hannun masu dashe a Najeriya shine wani lemun tsami mai kaushin ɓawo da ma'aikatan gona ke kira raf lemon, yana da saurin girma, saiwarshi na nutsawa, yana jure fari da ƙasa mai yashi, kaga ya dace da tudu irin namu, matsalarshi baya son ruwa ya kwanta mishi a gindi, nan take zaka ga ƙaro na tsatsowa ɓawo na ruɓewa, kuma lemun da ya haifa ɓawonshi kan yi kauri zaƙin bai kai na sauran ba. Akwai Kiliyofatara, wani irin tanjarin ne, shi baya da sauri ko kaɗan sai ka yi haƙuri da shi, amma yana jure ruwa mai gishiri-gishiri da ƙasa mai nauyi kuma ɗiyanshi sunfi daɗi, in ruwan rijiyarka ko burtsatsenka na barin farin tabo a ƙasa in ya bushe to shi zaka nema. Mai dashen da ka tambaya wane gindi ne ya tsaya yana kallonka, ba shi ya yi auren ba, sarowa ya yi, ba laifi bane amma ka san dai bai san abin da ke cikin ledar ba.

A saman kuma, cikin irin lemun zaƙi, Balansiya ta fi jure zafinmu, lemu mai cibiya yana da daɗi amma in bazara ta kama, Afrilu zafi ya haura digiri 40, sai ya dinga zubar da ƙananan ɗiyanshi kana kallo. Kuma kar ka damu in lemunka ya nuna ɓawon na nan da kore-kore, sanyin dare ke sa lemu ya yi ruwan ɗorawa sosai, ciki ya nuna.

Mangwaro kashi biyu ne. Irin namu na gida masu zare, ka shuka ƙwallo ka samu kusan irin uwar, su ne ma ake amfani da su a matsayin gindi. Amma manyan nan da ake so, Juli, Fita, Kent, Kit, in ka shuka ƙwallonsu abin da zai fito Allah kaɗai ya sani, dole sai aure. Mai aure shekara uku zuwa huɗu ya fara kuma baya yin uban tsawo, ka iya tsinka da gora gajera. In inuwa kake so a ƙofar gida na ƙwallo ya isheka. Gwaiba ma haka, ta ƙwallo tana saurin haihuwa amma ba tabbas ta yi kamar wadda ka sha. Dabino kuwa kar ka ma fara da ƙwallo in kasuwa kake nufi, kusan rabinsu maza zasu fito kuma baka ganewa sai sun yi fure bayan shekaru, nemi ɗan da ya tsiro a gindin macen da ka san ɗiyanta.

Inabi shine yanzu kowa ke rububi tunda bidiyon gonakin Kudan ta jihar Kaduna sunka yawaita a waya, kuma gaskiya yana yi a ƙasa mai zafi da bushewa in akwai ruwa, damina ce ma ke kawo mishi cutar ganye. Shi ba da ƙwallo ake yinshi ba, reshe ake yanka mai kaurin fensir da ido uku ko huɗu a kafa a leda ya yi saiwa, kuma wanga hanya tana ba ka ainihin irin uwar, tana da arha, cikin shekara ta biyu ka fara ganin nono. Duk wanda ya nuna maka ɗan tsiro ya ce irin marar ƙwallo ne ya shuka daga ƙwallo, kai ma ka ji zancen bai haɗu ba. Akwai mai aure shima, a Indiya yawancin manoman inabi kan gindin da ake kira Dogrij suke yi saboda yana jure fari da gishiri da tsutsar nan da ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, wadda masu tumatir a ƙasar yashi sunka sani sarai. In ƙasarka ta taɓa ba ka wagga matsala a tumatir ko kuɓewa to mai aure ya cancanci kuɗinshi, in ko ba haka ba na reshe ya wadatar ka fara koyo da shi. Amma don Allah ka sani kuɗin dashen shine ƙaramin abu a inabi, rumfar da zai hau, waya da ƙarfe ko icce da gara bata ci, askin da ake mishi wajen ƙarshen damina don ya yi fure ya nuna cikin rani kamar wata huɗu bayan askin, da tsuntsaye in ya fara zaƙi, duk suna jiranka. Ni da kaina guda 10 na fara da su, kuma haka nake cewa kowa ya yi kafin ya ce zai cika eka. Ka ɗanɗani ɗiyan uwar in da hali, domin akwai iri masu ƙarfi da yawan haihuwa amma da tsami da ƙwallo, masu saye kuma sun saba da na kwali mai zaƙi.

Sai batun inda zaka saya. Wanda anka rena nan gida, bakin gulbin Rima ko wajen Kwalkwalawa ko Goronyo, ya riga ya sha ranarmu da iskar hunturu, kuma zaka iya zuwa ka ga uwar da anka ɗebo idon daga gareta, wanga shine babban amfaninshi, sai dai iri basu da yawa. Na Kano da Zariya sunfi yawan iri kuma yanayinsu bai yi nisa da namu ba. Na kudu, Binuwai da Ibadan, can ne gidan lemu kam kuma hannunsu ya faɗa a aure, amma dashen ya tashi cikin laima da inuwa sannan ya kwana biyu a bayan mota iska na dukanshi, in ka sauke ka dasa a rana kai tsaye rabin ganyen zubewa zai yi, sai ka aje shi ƙarƙashin dogon yaro sati ɗaya zuwa biyu kana shayar da shi kana matso da shi rana kaɗan-kaɗan. Wanda zai dasa da yawa yana da kyau ya tuntuɓi cibiyar binciken lambu ta ƙasa, NIHORT, hedikwatarta na Ibadan kuma tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, ko ya leƙa tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya nemi shawara, domin manyan cututtukan lemu irin su tiristeza ta cikin idon aure suke bi, ido daga icce mai ciwo dashe mai ciwo zai ba ka ko ya yi kyau a leda. Na intanet da hoto kawai ake nuna maka, ni dai sai in na san mutumin ko wani da na yarda da shi ya je ya gani.

In ka tsaya gaban ledojin kar ganye ya ɗauke maka hankali, durƙusa ka kalli gindi kamar yadda Baba ya yi. Auren lemu na gaskiya yana sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 30, zaka ga ɗan lanƙwasa inda idon ya fito ta gefe ya miƙe, da tabon inda anka datse kan gindin, kuma ɓawon ƙasa da na sama launinsu kan ɗan bambanta. Na mangwaro tabo ne mai baki biyu kamar harafin V. In leda na naɗe ka ce a kwance maka guda ɗaya, mai gaskiya baya ƙi. Ka murza ganye ka shinshina, in an ce maka lemun zaƙi ne kuma ƙamshin lemun tsami ya bugi hancinka, sabon tohon kuma ja-ja ne kamar ruwan goro, to gindin ne ya tsiro auren ya mutu. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta, in saiwa ta huda ta shiga ƙasa an fizge ta, ko ta naɗe kamar gammo a ciki, bar shi, ya daɗe fiye da kima, gara matsakaici mai kaurin fensir da dogo wanda ya tsufa a leda. Ganye mai rawaya dabbare-dabbare, ƙaro a gindi, ƙananan ƙwari manne a bayan ganye, duk ka wuce.

Kafin ka ƙirga nawa zaka saya auna filin, lemu na son mita 7 tsakani, kusan guda 200 kenan a hekta, mangwaro mita 10, guda 100. Mai fadama ya tuna ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a, inda ruwa ke kwanciya kwanaki ba wurin lemu ko inabi bane, gwaiba da mangwaro sunfi haƙuri da shi. Ka saya in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, rami ya riga ya jira da taki ruɓaɓɓe don ɗanye gara yake kira, kuma tabon auren ya zauna sama da ƙasa kar ka binne shi, ka yi mishi kwari zagaye nesa da gindi ruwa ya tsaya can, ka kewaye shi saboda awaki tun ranar farko. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon kuwa ka ɓalle shi da hannu tun yana ƙarami, ni duk Juma'a da safe nake zagayawa in duba nawa, don raf lemon in ka bashi wata biyu sai ya kere auren tsawo.