Katifa, fitila ko ƙwaya: me za a fara saya wa mai cutar Parkinson da barci ya gagare shi?

Duk gidan da ke jinyar mai cutar makyarkyata ta Parkinson ya san cewa dare ya fi rawar hannu wahala. Dattijo ya kwanta bayan isha'i, tsakar dare ya farka jiki ya sage ba ya iya juyawa, fitsari ya tashe shi sau uku ko huɗu, gari ya waye yana gyangyaɗi, ko wanka ya yi sai ya ce ya gaji liƙis. Daga nan 'ya'ya ke fara kashe kuɗi, kuma galibi abin da ake fara saya shi ne wanda ya fi haɗari: maganin barci daga kemis.

Sayayya ta farko littafin rubutu ce da biro. A yi mako guda ko biyu ana rubuta lokacin shan kowane magani, lokacin kwanciya, da abin da ya tashe shi kowane dare. Abubuwan da ke hana mai wannan cuta barci daban-daban ne, kowanne da nasa maganin, kuma wanda ya sayi katifa mai tsada alhali fitsari ne matsalar ya yi asara.

Idan kasa juyawa ne, dalilin a bayyane yake. Cutar tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine, ƙwayar levodopa da ake sha don cike giɓin kuma sa'o'i kaɗan take aiki, kafin asuba ƙarfinta ya ƙare. A nan katifa mai laushi, musamman mai lotsewa ta ɗauki siffar jiki, ita ce mafi munin zaɓi ko da ta fi tsada, domin mutum yana nutsewa a cikinta ya rasa abin dogarawa. Mai tauri, irin wadda ake sayar wa masu ciwon baya, ta fi dacewa. Sai dai wanda ya rame kuma ya daina tashi daga gado lissafinsa daban ne, shi gyambon kwanciya ake gudar masa, sai a nemi shawarar ma'aikacin jinya. Tsayin gado ma abin aunawa ne: idan ya zauna a bakinsa, tafin ƙafafunsa su taɓa ƙasa sosai. Katifa a ƙasa, yadda tsofaffinmu da yawa suka saba, tana sa miƙewa ta zama aiki ja.

Kafin a canja katifa ma, ina ganin a fara gwada abu mafi arha. A sayi yadin satin mai santsi, a kai wa tela ya ɗinka shi a tsakiyar zanin gado na auduga, daidai inda kafaɗa da kwankwaso suke kwanciya, ya bar wajen ƙafa da gefuna yadda suke. Jiki zai riƙa zamewa ya juya cikin sauƙi, dunduniya kuma ta sami inda za ta kama. Kada a yi zanin duka da satin, kada kuma a haɗa shi da rigar barci mai santsi, mutum zai iya sulalewa ya faɗo. Illarsa ɗaya, yana riƙe zafi a watannin bazara. Ƙarfen riƙewa na gefen gado mai walda zai iya yin sa, amma a ɗaure shi tam, ba tare da giɓin da kai ko hannu zai maƙale ba.

Ta fuskar magani, likita yana da zaɓi biyu da aka fi sani: levodopa mai narkewa a hankali, irin Sinemet CR, da ake sha lokacin kwanciya, ko filastar rotigotine mai suna Neupro da ake mannawa a fata tana aiki sa'o'i 24. Filastar tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, kuma danginta na iya kawo gyangyaɗi, gane-gane, ko kashe kuɗi da caca ba kan gado. Tambayar da ya kamata iyali su yi wa kansu ita ce: wanne za mu iya saya kowane wata ba fashi? Tsayar da levodopa farat ɗaya yana iya jawo zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar jiki har rai ya shiga haɗari. A tabbata ƙwayar tana haɗe da carbidopa ko benserazide, a Najeriya kuma a duba lambar NAFDAC. Garin ƙarara da ake tallatawa a intanet yana ɗauke da levodopa da gaske, amma yawansa yana bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka bai dace a ɗora shi a kan ƙwaya ba tare da sanin likita ba.

Idan fitsari ne, kwalbar fitsari a gefen gado ga namiji, ko kujera mai fo ga mace, sun fi kunzugun manya arha a tsawon lokaci, sun kuma fi kiyaye mutuncin wanda yake iya tashi. Tafiya zuwa banɗaki a tsakar gida cikin duhu ita ce ke kai mutane ga karayar ƙugu. Fitila mai caji mai haske kaɗan, wadda za ta kwana a kunne ko an ɗauke wuta, ta fi tocila da sai an lalubo ta da hannu mai rawa. A sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗagu kamar santimita 10 zuwa 20. Hakan yana rage yawan fitsarin dare da jirin safiya. Tara matasan kai ba ya yin wannan aikin. Namiji kuma a duba masa kumburin gaban mafitsara (prostate).

Akwai wanda yake ihu, naushi ko harbi da ƙafa cikin barci, yana aikata abin da yake gani a mafarki. Wasu kan danganta shi da aljanu. Addu'ar kwanciya tana nan a matsayinta, amma wannan alama ce sananniya ta cutar, takan ma riga rawar hannu da shekaru. Magunguna biyu ake kwatantawa. Melatonin, wanda ake farawa da miligiram 3 a ƙara a hankali har zuwa 12, ya fi sauƙin illa, sai dai ingancinsa ya dogara da kamfani. Clonazepam ya fi ƙarfi, amma yana kawo tangaɗi, ruɗewa da faɗuwa, yana kuma tsananta ɗaukewar numfashi ga mai minshari. Ga dattijo, melatonin likitoci suka fi farawa da shi. Irin wannan mutum gadonsa ya yi ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa katifa ƙarama a gefensa, a kawar da tebur da kwalabe, matarsa kuma ta koma wata shimfiɗa ba tare da jin cewa ta yi laifi ba.

Yanzu ga abubuwan da nake roƙon kada a saya. Diazepam da Piriton suna sa barci, amma suna barin tsoho cikin magagi da ruɗewa. Phenergan, Largactil, haloperidol, Stemetil da metoclopramide sun fi muni, domin suna toshe aikin dopamine ɗin da dama ya yi ƙaranci, jiki ya ƙara sagewa. Shi kansa Artane ko Exol, maganin Parkinson da ake yawan bayarwa saboda arharsa, yana iya rikita tunanin dattijo da dare ya kuma riƙe masa fitsari. Idan yana shan sa, a faɗa wa likita.

Gajiyar rana kuwa, a nan aka fi zubar da kuɗi a kan maganin ƙarin jini. Idan gwaji bai nuna ƙarancin jini ba, ba shi da amfani, ƙarfen da ke cikinsa ma yana hana hanji tsotse levodopa, shi ya sa ake raba su da aƙalla sa'o'i 2. Na'urar awon hawan jini ta fi shi daraja nesa ba kusa ba, kuma ta damtse ta fi ta wuyan hannu. A auna yana kwance, a sake aunawa bayan ya yi minti 3 a tsaye. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, jininsa yana sauka idan ya miƙe, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa kasala da jiri. Wani lokaci maganin hawan jininsa na da ne ya yi masa yawa. Sauran kuɗin a kashe su a gwajin jini, sukari, maƙoƙo da bitamin B12, a kuma lura ko baƙin ciki ne ya kwantar da shi, domin ciwon damuwa yakan zo tare da cutar. Mai shan pramipexole ko ropinirole (dangin rotigotine) da barci ke sace shi da rana ya ajiye tuƙin mota da babur har sai likita ya duba. Goro da shayi da safe babu laifi, bayan azahar a haƙura. Ƙailula kada ta wuce minti 30. Tattaki da hantsi cikin haske kuma kyauta ne.

Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa yana buƙatar gwajin barci kafin a yi maganar na'urar CPAP mai hura iska ta hanci lokacin barci, wadda ke son wuta tsayayya ko sola. Irin waɗannan tambayoyi a kai su wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tare da kwalayen duk magungunan da yake sha.

Mai kula da mara lafiya ma tana da haƙƙin barci. Ƙararrawar ƙofa mara waya, mai amfani da batir, tana biyan wannan buƙata: maɓallin a ɗaure shi a gefen gadon mara lafiya, mai ƙarar a ɗakin wanda ke da aikin daren, sai a riƙa karɓa-karɓa tsakanin 'ya'ya.