OM System TG-7: kyamarar da ke shiga teku babu akwati

Jiragen ruwa daga Matemwe da Nungwi suna kai masu yawon buɗe ido gefen tsibirin Mnemba, a arewa maso gabashin Zanzibar, inda mutum zai kwanta rub da ciki a saman ruwa, da tabarau da bututun numfashi, yana kallon duwatsun murjani da kifaye a ƙarƙashinsa. A irin wannan ruwa mara zurfi mai wadatar rana ya kamata a auna kyamarar TG-7, mai shiga ruwa ba tare da akwatin kariya ba.

Ta fito a 2023 kan kusan dala 550. Magajiyar Olympus TG-6 ce ta 2019, kuma bambancinsu bai taka kara ya karya ba: gilashi ɗaya, sensa ɗaya (ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto) mai megafiksel 12, batir ɗaya samfurin LI-92B. Babban sauyin shi ne ramin caji ya koma USB-C, don haka wanda ya samu TG-6 mai lafiya da araha bai yi asara ba. Tana nutsewa zuwa mita 15 haka nan tsirararta, tana jure faɗuwa daga tsayin mita 2.1, nauyinta kuma kimanin giram 250 ne.

Inda ta yi fice shi ne ɗaukar abu na kurkusa. Tana iya kama abin da ke nesa da gilashinta da santimita 1 kacal, abin da waya cikin jakar leda ba ta ko tunkarar sa. Ƙananan dodannin koɗi marasa kwanso masu launi kala-kala, ƙayoyin bushiyar teku, zanen da ke jikin murjani, duk suna fitowa tar. Sai dai a wannan kusanci ɗan motsi kaɗan ya isa ya ɓata hoto, ga igiyar ruwa tana jijjiga mutum. Dabarar ita ce a riƙe ta da hannu biyu, a dakata da kaɗa ƙafa, a ɗauki hotuna a jere, sannan a zaɓi mai kyau a masauki. Kada a dafa murjani don neman natsuwa. Halitta ce mai rai, taɓawa na kashe ta, wasu kuma suna ƙona fata.

Maganar launi tana buƙatar bayani, domin a nan ne sababbin shiga ke zargin kyamara kan laifin da ba nata ba. Ruwa yana shanye jan launi kafin kowane launi, kuma bayan haske ya ratsa kimanin mita 5 ja ya kusa ƙarewa. Lissafin ya haɗa zurfi da tazarar da ke tsakanin kifi da kyamara. Kifin da ke zurfin mita 3, aka ɗauke shi daga nisan mita 3, shuɗi-shuɗi zai fito komai tsadar na'ura. A murɗa faifan baya zuwa alamar kifi, a zaɓi daidaita launi na ruwa mara zurfi daga cikin zaɓi ukun da ke ciki, sannan a matsa har tazarar ta gaza mita 1. Wanda ya iya gyaran hoto ya kunna RAW, wato ajiye hoto ɗanye ba tare da kyamara ta sarrafa shi ba, don jan da ya raunana yana dawowa da kyau a kwamfuta. Haske ya fi shiga ruwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, kuma a bar rana a bayan ƙeya. Daminar Maris zuwa Mayu tana gurɓata ruwan Zanzibar.

Rauninta ma a bayyane yake. Sensar ƙarama ce, da gajimare ya rufe rana ko ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske, ya haura 800 sai hoto ya cika da tsaki-tsaki. Jawo abu da zum ya fi muni: ƙofar haske tana tsukewa daga f/2.0 zuwa f/4.9, ruwan da ke tsakani kuma yana nan bai ragu ba. Filashar jikinta tana daf da gilashi, saboda haka takan haska yashi da dattin da ke yawo a ruwa, hoto ya fito da ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa gari. A kashe ta sai a ɗaukar kurkusa. Kifi mai gudu yana son a saita mafi ƙarancin saurin ɗauka a 1/250 na daƙiƙa. Allonta kuwa yana wahalar gani da tsakar rana, sau da yawa saiti ake yi da ƙiyasi. Ruwa yana kuma rage faɗin abin da gilashi ke gani da kusan rubu'i, don haka mai son garken kifi ko kunkurun teku gaba ɗayansa sai ya ƙara kuɗi ya sayi gilashin ƙara faɗi FCON-T01 da zoben ɗaura shi CLA-T01. Idan bidiyo mai faɗi ne kawai buƙata, ƙaramar kyamarar bidiyo ta GoPro ta fi ta rage girgiza.

TG-7 ba ta yawo a saman ruwa. In ta suɓuce, ƙasa za ta nufa, shi ya sa madaurin hannu mai soso da ke ɗago ta ya zama dole tun ranar farko.

Yawancin shigar ruwa daga ƙofofinta biyu yake, ta batir da ta caji, kowacce da makulli biyu. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan robar ƙofa ya isa ya buɗe wa ruwan gishiri hanya. A duba robar a ɗaki mai haske, a rufe, a daina buɗewa a jirgi ko a bakin teku. Kada a yi tsalle cikin ruwa da ita a hannu, bugun farko ya fi matsin nutso a hankali ƙarfi. Fitar da ita daga ɗaki mai iyakwandishan kai tsaye zuwa zafi yana sa gilashi ya yi raɓa, gara a bar ta ta ɗan sha iskar waje tukuna. Bayan an fito, a jiƙa ta a ruwan famfo na minti 10, ana danna maɓallanta don gishiri ya fita, a goge, a shanya a inuwa, sannan a buɗe ƙofar tana kallon ƙasa. Kamfanin ya ƙayyade awa ɗaya a cikin ruwa a kowane shiga, ya kuma ba da shawarar sauya robobin duk shekara. Mai niyyar nutso da tulun iska ya wuce mita 15 sai ya sayi akwatin PT-059, wanda ke kai ta mita 45.