Sharhi kan WorkManager: yana cika alkawari, amma a lokacin da ya ga dama

Manhajar da nake kula da ita ta masu shaguna ce. Suna rubuta ciniki da bashi, su ɗauki hoton rasit, ita kuma ta tura komai zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan, idan an samu netwok. Yawancinsu ƙananan wayoyin Android ne a hannunsu, masu RAM gig 2, ga data da ke ƙarewa da rana tsaka. A kan irin waɗannan wayoyi na yi aiki da WorkManager, kayan aikin tsara ayyukan bayan fage da Google ya fitar a 2019 cikin Jetpack, tarin kayan aikinsa na masu rubuta manhajar Android, kuma na gamsu da shi, ko da yake ba ɗari bisa ɗari ba.

Tushen matsalar sananne ne. Kowace manhaja tana da babban zare guda ɗaya, wato layin da umarninta ke bi ɗaya bayan ɗaya, shi ke zana allo, shi ke amsa taɓawar yatsa, kuma kusan milisakan 16 kawai yake da su kafin ya sake zana allon. Ka ɗora masa matse hoto ko jiran saba, sai allo ya daskare. Idan ya kai daƙiƙa 5 bai amsa taɓawa ba, Android ya fito da akwatin nan na ANR, wato “manhaja ba ta amsawa”, mai tambayar a rufe ko a jira. Sabbin shiga kan ɗauka cewa zuba aikin cikin Service, ɓangaren manhaja mai aiki ba tare da allo ba, ya raba gardama, alhali shi ma a kan babban zaren yake gudu in ba ka ware masa nasa ba. Tun daga Android 8 a 2017 ma aka taƙaita irin waɗannan ayyuka na bayan fage.

Inda WorkManager ya burge ni shi ne sharaɗi. Sai ka ce masa kada ya fara sai akwai intanet, kuma batir bai yi ƙasa ba. Yana rubuta aikin a rumbun ajiyar bayanai na SQLite da ke cikin wayar, saboda haka ko an rufe manhajar, ko wayar ta mutu an kai ta wurin mai caji, aikin na nan. Na tsaya a wani shagon atamfa da ke can cikin kasuwa, ƙarƙashin rufin kwano inda netwok ba ya shiga. Mai shagon yana ta shigar da ciniki, allo bai ko yi gardama ba, rasitai suna ta taruwa a layi. Da ya fito sallar la'asar da wayar a aljihu, kafin ya idar da alwala duk sun tafi. Bai ma san an yi ba.

Idan turawa ta gaza, yana sake gwadawa bayan daƙiƙa 30, sannan ya riƙa ninka tazarar. Wannan na ceton batir sosai. Sai dai a ba kowane rasit lambarsa ta musamman, domin saba kan karɓi saƙo amsarta ta ɓace a hanya, a sake turawa, a wayi gari an rubuta wa mutum bashi sau biyu. Wannan ba ƙaramar rigima ba ce a kasuwa.

To amma kada ka sa ran zai kiyaye maka lokaci. Aikin da ake maimaitawa ba ya yin ƙasa da tazarar minti 15, ita ma ba tabbas. Wayar da aka ajiye ta shiga Doze, tsarin barcin da ya zo da Android 6, tana iya jinkirta shi sosai. Kowane aiki minti 10 ake ba shi, bayanan da za ka miƙa masa kuma ba sa wuce KB 10, don haka adireshin fayil ake ba shi, ba hoton kansa ba. Mai son ƙararrawar tashi sahur ya nemi AlarmManager, kayan aikin Android mai iya kiyaye lokaci. Mai loda dogon bidiyo kuwa dole ya nuna sanarwa a saman allo muddin aikin na tafiya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba laifinsa ba ne. Wasu masu ƙera waya suna saka nasu mai tsimin batir da ke kashe manhaja gaba ɗaya da zarar an share ta daga jerin waɗanda aka buɗe, aikin ba zai motsa ba sai an sake buɗe ta. Maganin da na samu shi ne ƙaramin rubutu a saman allo mai nuna rasitai nawa suka rage, da maɓallin “Tura yanzu” a gefensa. Masu shagunan sun saba duba shi kafin su ja ƙofa da yamma.