Gidan tsofaffi a Garwa: da rana babu laifi, bayan la'asar akwai gyara

Akwai wani ƙaramin gida a Garwa ta ƙasar Kamaru da ke karɓar tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa, wasu a Duwala, wasu a Yawunde. Tsafta da abinci babu abin cewa. Abin dubawa shi ne yadda suke hana tsoho cutar da tsoho, don sau da yawa abokin ɗaki ne ke yin dukan.

Wajen rabon ɗaki sun iya aiki. Kafin a haɗa mutum biyu sai an tambayi dangi: yana kwana da rediyo a kunne? Yana tashi yawo cikin dare? Fulatanci yake ji ko Hausa? Ba a kwantar da wanda ba ya iya tashi kusa da mai ƙarfin da ciwon mantuwa ya kama. Kowa da akwatinsa mai kwaɗo, da butarsa mai launi daban. Mai mantuwa zai cusa goro ko carbi ƙarƙashin matashi, ya manta, ya ce an sace, kafin ka ankara ya ɗaga sanda.

Matsalar daga la'asar take zuwa isha. A lokacin ruɗewar masu mantuwa ke tsananta, a lokacin kuma ma'aikatan rana ke tashi, a bar mutum ɗaya da ɓangaren maza da na mata. In wuta ta ɗauke, Baba ya fito banɗaki, sai ya shige ɗakin wani ya hau gadonsa. Fitilar sola a baranda da ma'aikaci na biyu har ƙarfe 9 za su rage wannan sosai.

Suna kuma saurin ba da maganin barci. Tsohon da halinsa ya juye cikin kwana ɗaya ko biyu, a fara duba ciwon fitsari, zazzaɓi, taurin bayan gida da ƙarancin ruwa a jiki. A Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, tsoho kuwa ba ya jin ƙishi da wuri. Maganin barci jiri yake kawowa, sai faɗuwa da karayar ƙugu.

Ba su da littafin rubuta rigima: wa ya yi, wa aka yi wa, ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan. Shi ya sa in Iya mai sambatun dare ta sha tsangwama, har wasu na kiranta mayya, dangi ba sa ji sai sun ga tabo. Mai son kai mahaifinsa ya ziyarci gidan da magariba, ya ƙirga ma'aikatan da ke bakin aiki.