Sharhina kan gidan baƙin da na sauka a Agege, ga mai zuwa Legas da jakar goyo

Tun da na dawo Birnin Kebbi abokai ke ta tambayata ina na sauka a Legas, wurin na da tsaro kuwa, mutum zai iya zuwa da ɗan kuɗi kaɗan ya ga gari ya dawo lafiya, to bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Wani ƙaramin gidan baƙi ne a Agege, can bayan gadar Pen Cinema, tafiyar ƙasa kaɗan daga tashar jirgi. Ba zan kama sunanshi ba don akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu kuma ba na son in taɓa abincin wani. In maki za a ba shi, ni bakwai cikin goma na ba shi, kuma mafi yawan makin nan ba na gado ba ne ko na fanka, na wurin da gidan yake zaune ne. A Legas ba kuɗin kwana ke cinye baƙo ba, kuɗin mota ne da lokacin da za ka ɓata a gosulo.

Hanya dai kun san ta, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, a ƙetare gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, sannan babban titin da ke kai ka Berger, bakin Legas kenan. Doguwa ce, akwai gajiya, wasu wuraren ramuka sun yi yawa, ba sai na tsaya a kai ba. Abin da ya sa na fara ganin girman gidan shi ne tun muna Ibadan dattijon da ke kula da wurin ya kira ni da kanshi, ba ni na kira ba. Ya ce, ɗana in kunka iso da sauran duhu kada ka bar cikin tasha, nemi mai shayi ka zauna har gari ya waye, kuma kada ka shiga motar da ta tsaya maka a gefen titi da mutum biyu ko uku a ciki, ka shiga wadda ke lodi a layi. Irin motocin nan ne ake ce ma wan cans, ɓarayi ne ke yin kamar fasinjoji. Na ce to Baba, na gode. Ga mutumin da bai taɓa sa ƙafa a garin ba, kuma duk abin da ya mallaka yana goye a bayanshi, wannan kiran wayar wallahi ya fi min katifa mai laushi.

Ɗakin haɗaka na kama, gadaje masu hawa biyu, kowa da lokarshi ta ƙarfe amma kwaɗo kai za ka zo da naka, wannan ku riƙe shi da kyau. Kuɗin gado bai kai rabin abin da ƙananan otal-otal na Ikeja ke karɓa ba, suna karɓar tiransifa, kuma in za ka yi kwanaki akwai ragi in ka yi magana. Zanin gado wankakke ne, ana share ɗaki kullum da safe, akwai soket kusa da kowane gado, akwai tabarmi da buta a baranda. Waɗanda munka kwana tare akwai mai kawo albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12, akwai wani yaro ɗan Gusau da ya zo intabiyun aiki, akwai wani Bazabarme mai jiran kayanshi su fito daga Apapa, ba wanda ya taɓa kayan wani.

Sai ƙorafi, kuma ba zan rage komai ba. Ruwa ne na farko. Famfo na zuwa ne kawai in an kunna injin jan ruwa, kuma da asuba kowa ke son wanka da alwala lokaci guda, bayi biyu ga mutane masu yawa, in ba ka tara bokitinka tun dare ba za ka yi ta jira har rana ta fito. Na biyu janareta, an aje shi daf da tagar ɗakinmu, in NEPA sunka ɗauke wuta ga ƙara ga hayaƙi, sha biyun dare kuma a kashe shi, daga nan sai gumi da sauro. Zafin Legas bai kai namu na watan Afrilu ƙuna ba, amma iskar a jiƙe take, jiki na ta danƙo, ka wanke riga ka shanya ta kwana ba ta bushe ba, bangon ɗakin ma ta ƙasa duk ya yi danshi yana wari. Babu gidan sauro ko ɗaya, wannan ya ɓata min rai sosai domin ba wani kuɗi ba ne, kuma baƙon da ya kwanta zazzaɓi a garin da ba shi da kowa ya shiga wahala. Na faɗa ma Baba, ya ce mai gidan ne bai saya ba, ya sha yi mishi magana. Na uku, ana karɓar kuɗin ajiya na makulli kuma ba a ba da rasit sai ka nace. An maido min nawa cif, amma ya kamata a rubuta tun farko.

To mi ya sa duk da haka na ce bakwai? Agege. Hausawa sun daɗe a unguwar nan, tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, har Sarkin Hausawa gare su, kuma mayankar Oko-Oba da kasuwar shanunta na nan kusa, mutanenmu ne cike da wurin. Ka fito ƙofa ka ji ana Hausa, ka ji kiran salla, ga mai shayi ga mai tsire ga masu tuwo da miyar kuka da daddare, ba ka da fargabar mi aka sa a abinci. Kuma ban tsaya ga namu kaɗai ba, akwai wata Iya a bakin layi mai sayar da ewa agoyin, dafaffen wake ne lugub da baƙin yajin manja, ka haɗa da burodin Agege mai nauyin nan, in ka ci da safe ba ka ƙara neman komai sai la'asar. Ita ta koya min in ce “owa” da ƙarfi in zan sauka daga danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, in ba haka ba kwandasta ya wuce da kai. Mai ɗan ƙaramin guzuri abin da yake buƙata kenan, abinci mai arha mai riƙe ciki da mutanen da zai yi ma tambaya ba tare da sun ga baƙo sun ninka kuɗi ba.

Amma babban abin shi ne sufuri, nan nake so ku saurara da kyau. Ranar farko Baba ya tura wani yaro ya raka ni na sayi katin Cowry, katin da gwamnatin Legas ta fito da shi a 2020, kana zuba kuɗi a ciki kana taɓa shi a na'ura lokacin shiga da lokacin sauka, kuma shi ɗaya yana aiki a bas ɗin BRT da jirgin ƙasa na cikin gari da jiragen ruwan gwamnati. Babu ciniki, babu rigimar canji, babu wanda zai ji harshenka ya ƙara maka kuɗi. Jirgin Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege, ya bi Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba har Oyingbo, daga nan ka hau mota ka ƙetare gadar Carter sai ga ka a Idumota. Yana da lokutanshi, safe da yamma ya fi, don haka ka tambayi jadawali tun dare. In ka rasa shi akwai BRT na layin Abule Egba zuwa Oshodi, shi ma 2020 anka buɗe shi, yana da nashi titin daban, kana zaune kana kallon ƙananan motoci sun cushe a gefe kai kana wucewa. Oshodi kam in ka sauka da yamma taron mutane kamar ranar bikin kamun kifi na Argungu a Matan Fada, a nan ka maido jakarka gaba ka rungume, waya ta shiga aljihun ciki. Kada ka sa rai da acaba, tun 2022 an hana su a Ikeja da Surulere da Apapa da cikin tsibirin Legas da wasu wuraren, kuma har fasinja ana kamawa. Wani masaukin da na gani a can hanyar Ajah ya ɗan fi wanga tsabta kuma kuɗinsu kusan ɗaya, amma babu jirgi a wajen, abin da za ka kashe a mota kullum ya isa kuɗin wani gadon.

Da katin nan na ga gari yadda nake so. Na yi Juma'a a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, na kutsa kasuwar Balogun, na je dandalin Tafawa Balewa inda anka yi bikin karɓar mulkin kai a 1960, na shiga Freedom Park wanda da kurkukun Turawa ne a Broad Street. Na hau jirgin Blue Line daga Marina zuwa Mile 2, shi da lantarki yake aiki, 2023 ya fara, yana bi ta saman ruwa ya wuce ta gaban National Theatre ɗin da anka yi bikin al'adu na FESTAC a 1977. Na kuma bi gadar Third Mainland, kilomita 11.8, Babangida ya buɗe ta a 1990, daga sama kana hango gidajen katako na Makoko a kan ruwa, abin ya tsaya min a rai, mutane da 'ya'yansu suna rayuwa a haka.

Teku kuwa shi ya kai ni Legas tun farko. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, sauran bakin ruwan na Lekki kuma yawanci sai ka biya kuɗin ƙofa mai tsada. Baba ya ce in je Tarkwa Bay, ba a zuwa sai ta jirgin ruwa, na hau daga wajen tashar CMS da ke Marina. Akwai ɗan kuɗin shiga amma da sauƙi, ruwan wurin a kwance yake saboda duwatsun da anka jera sun tare igiya, kana zaune manyan jiragen kaya na wucewa ta gabanka za su Apapa, girmansu sai ka ɗaga kai. Na daɗe a wurin ina ta tasbihi. Abu ɗaya nake roƙonku, kada ku shiga kwale-kwalen da bai ba ku rigar kariya ba, ko da ya fi arha, kuma ku ɗaure ta sosai ba ratayawa kawai ba. Mu mutanen Kebbi mun san abin da ya faru a Warra a 2021, rayukan da munka rasa a ruwa rana ɗaya, Allah ya jiƙansu. Ku kuma dawo kafin magariba, Agege da nisa daga nan kuma gidan ana rufe ƙofa sha ɗaya, in ka wuce sai ka yi ta kiran waya.

Wa ya dace ya sauka a nan? Namiji shi kaɗai ko abokai biyu, ɗalibi, ɗan kasuwa mai ƙaramin jari, wanda zai fita tun safe ba zai dawo ba sai isha'i. Mai iyali ko mace ita kaɗai ban ba da shawara ba, akwai ɗakuna biyu na keɓe amma bayin haɗaka ne da maza, kuma wanda ƙara ke hana shi barci shi ma ya nemi wani wuri. In za ka zo, sa kwaɗo a jaka, gidan sauro ƙarami, pawa bank, silifas na wanka, da leda babba ta rufe jaka don ruwan Legas na sauka tun muna cikin bazara a gida. Ka roƙi gadon da ke nesa da taga, na ƙasa, ka karɓi rasit ɗin kuɗin makulli, kuma ka riƙe 'yan canji a hannu domin danfo ba ruwanshi da kati. Motar dawowa ma Baba ne ya haɗa ni da direban da ke lodin Jega da Birnin Kebbi, bai karɓi ko sisi ba, da ƙyar ya yarda na saya mishi goro.